Ɓatan Jannatu a Hanyar Tsamiya

Tun bayan azahar hankalin Mansura ya ƙi kwanciya. Da hantsi mijinta Bilyamin ya fita a kan mashin ɗauke da 'yarsu Jannatu mai shekara uku, zai kai ta wurin kakarta a wani ƙauye da ke ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Benin. Hanya ce da ya sani kamar tsakar gidansu, domin sana'arsa ke nan, jigilar mutane da kaya tsakanin Bagudo da Tsamiya. Sai ga kakar ta bugo waya tana tambaya ko sun fasa zuwa ne.

Mansura ta kira shi. Wayar ta shiga, aka katse. Ta sake kira, aka sake katsewa. Ta san abu ɗaya ne ke sa shi katse kira.

Tun bara wani wasan harbe-harbe na waya ya shiga rayuwarsu. Da farko a tasha yake taɓawa idan babu fasinja. Daga baya fasinja na tsaye a kansa yana cewa a ɗan jira shi. Tuwo ya huce a gabansa, a tayar da salla a masallacin ƙofar gida yana jin liman, shi kuwa ya toshe kunnuwa yana magana da wasu abokan wasa na Legas da Kwatano waɗanda bai taɓa gani ba. Ranar da ta ɓoye wayar cikin buhun gero, ya birkita ɗakin yana gumi kamar mai zazzaɓi, har ta tsorata ta fito masa da ita.

Tana tsaye da wayar a hannu sai ga kiransa. Muryarsa a dishe.

"Mansura, ban ga Jannatu ba."

"Ba ka gan ta ba kamar yaya? Kana ina?"

"Gindin kukar nan ta kan tudu, gab da iyaka. Na aje ta inuwa. Na ce zagaye guda na wasan kawai zan yi."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta figi hijabi ta nufi gidan wan mijinta Ɗanmaliki, shi ma ɗan acaba ne. Bai yi mata tambaya ta biyu ba, ya tayar da mashin. Ita dai idonta na kan gonakin dawa da suka fi mutum tsawo, dama da hagu, tana tuna cewa damina ba ta gama janyewa ba, kuma akwai rafi a bayan tudun nan.

Kukar sananniya ce ga masu waya, domin a nan sabis ya fi ƙarfi a duk yankin. Sun iske Bilyamin ya yi futu-futu da ƙasa, wasu manoma sun bar aikinsu suna taya shi nema. Ɗanmaliki ya sauka, ya kwaɗa masa mari, ya fizge wayar ya jefa a aljihun rigarsa.

"Yaya, ka bar shi," in ji Mansura. "A nemo mini ɗiyata tukuna."

Suka bazu cikin dawa suna kiran sunanta. Ganye na yankar fuskar Mansura ba ta ma ji. Da suka gangara bakin rafin, ta ga ruwan jajir yana gudu. Bilyamin ya shiga ruwan har ƙugu yana laluben ciyawar gefe, yana kiran Jannatu da muryar da ta kusa ƙarewa.

A daidai nan wayar ta yi ƙara a aljihun Ɗanmaliki, irin ƙarar da take yi idan abokan wasa na gayyatarsa. Bilyamin na tsakiyar kiran sunan 'yarsa, kansa ya juya zuwa ga aljihun, hannunsa ya ɗaga daga cikin ruwa. Mansura ta gani. Shi ma ya ga ta gani. Ya tsaya yana kallon hannun nasa kamar na wani ne, sai ya fashe da kuka.

Rana ta yi ja sosai lokacin da wata Bafulatana ta ɓullo daga ɓangaren Benin, ƙwaryar nono a ka, yarinya goye a baya. Cikin Hausarta mai gauraye da Fulatanci ta ce ta tsince ta can ƙasa tana bin maruƙa, ta ƙetare ta inda ruwan bai da zurfi. Ta kai ta ruga ta ba ta fura, sannan ta ji ana ta kira. Mansura ta karɓi 'yarta, ta durƙusa ta rungume ta.

Washegari da safe aka zauna a zauren Ɗanmaliki. Shi a ganinsa magana ba ta da tsawo: a fasa wayar, in ya sake a kai shi Hisba su ja masa kunne.

Mansura, daga bakin ƙofar cikin gida, ta ce wata 'yar'uwarta ma'aikaciyar jinya ta gaya mata akwai likita a Birnin Kebbi mai duba irin wannan.

"Likita na mi?" in ji Ɗanmaliki. "Ƙafa ya karye? Wanga iskanci ne kawai. Kuma likitan ƙwaƙwalwa? Gobe a ce ƙanena ya haukace, wa zai sake hawa bayansa?"

"Yaya, jiya ka ga abin da na gani a bakin rafi. Mai iskanci ba ya yin haka."

Bilyamin, wanda tun jiya bai ɗaga kai ba, ya ce, "Yaya, na sha goge wasan da hannuna. Na yi rantsuwa, na yi azumin kaffara, na koma. In ka fasa wagga, zan ari wata. Ku kai ni."

Suka je. Mansura ta zaci allura za a yi masa ko a ba shi gado. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta zaunar da shi tana tambayarsa yaushe abin ya fi taso masa, me yake ji kafin ya ɗauki wayar. Ta ce ba hauka ba ne, amma kuma ba abin da mari zai cire ba ne. Ta sa ya koma ƙaramar waya mai madannai, ta tsara masa abin da zai riƙa yi idan tasha ba fasinja, ta ce ya riƙa dawowa tare da matarsa.

Abin bai tafi sumul ba. Ana cikin girbi ya ari wayar wani a shagon caji, ya wuni a can. Da yamma ya shigo ya faɗa wa Mansura da bakinsa, kafin kowa ya kawo mata. Ta yi fushi, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, amma ranar komawa asibiti ita ta tashe shi.

Har yanzu Ɗanmaliki na cewa asarar mai ce kawai zuwa Birnin Kebbi don a yi hira. Sai dai duk ranar da za su tafi, shi ke kwasar fasinjojin ƙanensa na kasuwar Tsamiya don kada su koma wa wani, yana ɗaure buhuna yana mita.