Kalmar Tsakiya

Baba ya rasu ya bar wa Mama abu biyu: wayarsa, da maganar da ta kashe shi. "Bari sai gobe." Da ita ya amsa tari, da ita ya amsa jinin da ya biyo tarin, har goben ta ƙare masa.

Wayar tsohuwa ce, irin masu tsadar nan, fuskarta a tsage, bayanta ya kumbura kamar mai shirin haihuwa. Mama ba ta kiran kowa da ita. Da yamma takan zauna a bakin gado, ta buɗe wurin rubuta saƙo, ta rubuta tambaya da yatsa ɗaya. Kun san kalmomi ukun nan da waya ke jerowa a saman haruffa, tana cankar abin da za ka ce? Sai Mama ta danna ta tsakiya, ta sake dannawa, har magana ta haɗu. Wayar ta daɗe a hannun Baba, ta haddace bakinsa tsaf.

"A sayar da firjin?"

"Bari mu gani tukuna."

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ƙafar Mama ce. Tana da ciwon suga, ga miki a babban yatsa ya ƙi warkewa, ya soma baƙi, ɗakin ya ɗauki wani wari da turare ya kasa rufewa. Kullum takan tambayi wayar ko ta je asibiti. Kullum amsar ɗaya ce.

Na sami Yaya a falo ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo. Ya kira ni da sunan da Baba ya laƙaba min saboda gardamata.

"Ke Lauya, ki bar tsohuwa ta ji sanyi a ranta mana. Wa ta cuta?"

"Ƙafarta ruɓewa take, Yaya!"

"Za a je. Bari a shiga sabon sati."

Ɗan Baba ke nan. Gida cike da masu digiri, an zuba wa ƙafa ido ana jiran izinin batir.

Na gaya wa Mama batirin na iya fashewa a ƙarƙashin matashinta, kuma ba ƙarya na yi ba. Na ce zan sayo mata sabuwa. Ta miƙo wayar da hannu biyu. "Amma ki ce su mayar min da Babanku cikin sabuwar."

Da rana tsaka na isa rumfar mai gyaran waya, na zaɓi wata mai araha, baƙa, mara nauyi kamar kwalin ashana. Ya jera su biyu a kan tebur, tsakanin gawarwakin wayoyi da ƙananan sukurori, ya haɗa su da igiya.

"Ƙanwata, waɗannan ba 'yan gida ɗaya ba ne, ko gaisawa ba sa yi. Hotuna za su ƙaura, lambobi za su ƙaura. Amma abin da tsohuwar ta koya daga yatsun mai ita, nan zai tsaya."

"Haka nake so."

Hotunan na wucewa, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ja tsohuwar gabana na rubuta: "Yau zan kai Mama asibiti." Na danna ta tsakiya.

Bari.

Na yi tsaki, na sake dannawa, ina jiran "sai gobe".

Ta.

Zo.

Wurina.

Hayaniyar kasuwar ta ja baya kamar an rufe min ƙofa. Wayar ta ɗau zafi a tafin hannuna, ba zafin batir ba, ɗumin hannun mutum. A saman haruffan, kalmar tsakiya ta canja da kanta: Lauya.

"Goge ta," na ce. "Kakaf."

Mai gyaran bai ɗago ba. "Ki bari sai gobe mana, ki yi tuna..." Ya tsaya, ya taɓa bakinsa, kamar wani ne ya ara.

"Yanzu!"

Ya goge.

A gida Mama ta juya sabuwar wayar gaba da baya, ta rubuta tambayarta. Kalmomin da suka fito na Turanci ne, marasa kan gado. Ta danna, ta danna, ta ɗago.

"Ba ya nan."

"Ba ya nan, Mama. Ni ina nan. Ɗauko mayafinki."

Muka isa asibiti. Likita ta buɗe ƙafar, ta daɗe tana kallo, ta ce yatsan dai ya tafi, amma za a ceci sauran in an shiga da ita tiyata yau. Suka tura ta a kan keken marasa lafiya, sabuwar wayar a cinyarta, shiru.

Ina zaune a kan benci sai ga saƙon Yaya: "An ga likita? Ko a dawo wani lokaci?"

Na ɗaga tawa wayar, wadda Baba bai taɓa riƙewa ba. Ban rubuta ko harafi ba tukuna, kalmar tsakiya na nan tana jirana.

Bari.

Na kauce mata. Harafi bayan harafi, da yatsana, na rubuta masa: "Yau za a yi."