Awa Biyun Baba Mai Inji

"Kawo rediyon naka, Baba," in ji Mai Aski, ya miƙa hannu.

Tsohon ya cire hula, ya zare na'urar ji daga bayan kunnensa na dama. Ta yi ɗan ihun da ta saba, siriri kamar kukan ɓera. Mai Aski ya ajiye ta a kan kanta, tsakanin kwalbar man gashi da burushi. Ya yafa wa tsohon ƙyalle, ya ɗaure masa a wuya. Sannan ya waiga ya kashe wa 'yan benci ido.

Direba da Tela ne a bencin, sai wani baƙo mai jiran layi.

"An rufe tasha," in ji Direba. "Fara."

Shekara talatin Baba ya yi a tsaye kan injin niƙa a ƙarshen layin. Injin ya ciyar da gidansa, ya kuma cinye masa kunne. 'Yarsa ta sayo masa wannan na'urar a wani kantin magani, ba gwaji ba komai, aka ce ya saka kawai. Hayaniya take ƙara masa, ba magana ba, kuma in injin aski ya matso kusa sai ta kama ihu. Shi ya sa ake cire ta kafin aski. Daga nan wasan ya samo asali, shekara biyu ke nan. Mai Aski zai sunkuya, ya saki fuska kamar mai gaisuwa, ya faɗi abin da ya ga dama. Baba zai ce lafiya lau. Benci zai fashe da dariya, shi kuma ya dubi fuskokinsu ya taya su, har ya fi kowa.

Mai Aski ya kunna inji, ya yi murmushi.

"Baba, wannan kai naka dai. Faɗa mini gaskiya, injin ne ya niƙa shi ya mayar maka?"

Tela ya tuntsire. Baƙon ma ya murmusa. Ganin baƙo ya shigo ciki, sai bakin Mai Aski ya ƙara zaƙi.

"Ka gan shi nan? Duk layin nan in aka hango shi sai kowa ya tuna yana da sauri. Gaisuwa ɗaya da shi, sai ka sha maganin maƙogwaro."

"Faɗa masa na matar," in ji Direba.

"Ai baiwar Allah, Allah ya ji ƙanta. Likita ya ce hawan jini ne. Ƙarya ne. Ihu ne ya kashe ta. Ga abinci, ihu. Ga ruwan wanka, ihu. Rannan ta ce Malam, sai kawai ta bi muryar tata."

Direba ya riƙa dukan cinyarsa. Baba bai yi dariya ba. Idonsa na kan gwiwarsa, ƙarƙashin ƙyallen. Mai Aski ya ɗauka gyangyaɗi ne. Ya zagayo ta hagu, ya sa yatsa ya lanƙwasa kunnen don ya gyara gefen gashi.

Akwai abu a ciki. Ƙarami, launin fata, ya zauna daidai cikin ramin kunnen, da wani ɗan zare fari kamar gashin gemu ya leƙo.

Injin yana ta kaɗawa a hannunsa.

"Yi a hankali, ɗana," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. Mai Aski bai taɓa jin sa ya yi magana ƙasa-ƙasa haka ba. "Likita ta ce ba ya son gashi, ba ya son ruwa."

Direba ya tashi ya ce ya bar mota a rana. Tela ya bi shi. Baƙon ya ciro waya ya sunkuyar da kai.

Mai Aski ya ƙarasa askin. Bai san yadda ya ƙarasa ba. Ya kakkaɓe wuyan tsohon, ya kwance ƙyallen. Baba ya ɗauki tsohuwar na'urar daga kan kanta, ya jefa ta a aljihu, ya sa hula.

"Allah ya yi albarka," ya ce, ya fita.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin Mai Aski da gidan Baba. Da can in Baba ya kunna rediyo, labarai har cikin banɗakin maƙwabta ake ji. Yanzu sai ka kasa kunne a jikin bango kafin ka gane a kunne take. Mai Aski ya kama kansa yana kasa kunnen.

Ya sauya hanya. Maimakon ya wuce ta ƙofar gidan, sai ya zagaya ta bayan shagon walda, ya tsallake kwata. A hanya yakan tsara maganar. Baba, ka yi haƙuri. Baba, ka yafe mini, yarinta ce. Sai ya tuna shekararsa ashirin da bakwai, ya tofar da yawu.

"Ka je kawai ka durƙusa," in ji Tela wata rana. "Tsoho ne, zai yafe."

"Kai ka je?"

"Ni dariya kawai na yi."

Mako uku Baba bai zauna a dakalinsa ba. Aka ce an kwantar da shi a asibiti, zuciya ce, ƙafafu sun kumbura. Aka ce an sallamo shi. Mutanen layi suka yi ta shiga dubiya. Mai Aski ya sayi lemo ya ajiye a shago har ya yi laushi.

Da hantsin wata Laraba 'yar Baba ta tsaya a bakin shagon. Malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Ta rame.

"Ƙanena, ka yi wuyar gani."

"Aiki ne, Yaya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Ya ce gashi ya dame shi, kuma ba mai taɓa masa kai sai kai."

Ya dubi fuskarta. Ba komai a ciki sai gajiya. Baba bai faɗa mata ba ke nan. Mai Aski ya ji da ma ta zo da zagi.

Ya zuba almakashi da reza da mataji a leda, ya bi ta. A hanya ita ke magana.

"Ban ma yi maka godiya ba. Ka san shekara guda ina fama da shi mu je wajen masu gwajin ji na gaskiya, yana cewa an cuce shi sau ɗaya ya isa. Asibiti biyu muka je a baya, ɗaya aka leƙa kunnen da tocila aka ce tsufa ne, ɗaya aka ba mu maganin ɗigawa. Sai wata abokiyar aikina ta kwatanta mini wannan likitar. Ta sa shi a wani ɗan ɗaki, ba ka jin komai a ciki, ta ɗora masa abin sauraro, ta ce duk sanda ya ji ƙara ya danna. Ta zuba masa wani abu kamar ƙullu a kunne ta ɗauki awon ramin. Sau uku muna komawa tana daidaita masa a kwamfuta. Ba ta taɓa yi masa ihu ba, a gabansa take zama ya ga bakinta." Ta tura ƙofar gida. "Ka san abin da ya sa ya yarda? Cewa ya yi, yaron nan mai aski yana da ban dariya, kowa na kwasa ban da ni. Kafin in mutu sai na ji da kunnena."

Mai Aski ya tsaya cire takalmi. Ya daɗe yana cirewa.

Ɗakin yana warin man zafi. Gado na ƙarfe, filo uku a bayan tsohon, ƙafafunsa a kan wani filon sun yi sulɓi. A kan taga akwai kwalaben magani, kofi da cokali, da wani ɗan akwati baƙi kamar na zobe.

"Na'urar na cikin akwatin," in ji Malama. "In ya kwanta yakan cire, tana gajiyar da shi. In zai sa, ka riƙe zaren, ka ja kunnen baya kaɗan, ka tura a hankali." Ta fita ɗora ruwa.

Baba ya ɗaga masa hannu. Mai Aski ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa masa tawul a kafaɗa, ya tsaya ta gefen gadon ya fara da almakashi. Gashin ya yi laushi kamar na jariri. Kunnen hagu ba komai a ciki.

Sai maganar ta zo da kanta.

"Baba, ka yafe mini. Na ci amanarka. Shekara biyu ina mayar da kai abin dariya kana sa mini albarka. Abin da na faɗa kan Inna matarka, wallahi ita ce take ba ni abinci in uwata ta yi tafiya. Ni ba mutumin kirki ba ne, Baba."

Ta fita sumul, ba gargada. Har ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Sannan ya gane dalilin sauƙin, ya tsaya da almakashi a buɗe.

Baba ya juyo yana duban bakinsa.

"Magana kake yi?" ya ce da ƙarfi, da tsohuwar muryarsa. Ya nuna taga. "Ɗauko."

Mai Aski ya buɗe akwatin. Abin bai kai ƙwayar wake ba. Ya riƙe zaren, ya ja kunnen baya kaɗan, ya tura a hankali. Baba ya runtse ido, ya buɗe.

"Yauwa. Me ka ce?"

A tsakar gida Malama na wanke tukunya.

"Cewa na yi... gefen nan in rage, ko in bar shi?"

"Rage."

Ya rage. Baba ya kasa kunne yana sauraren almakashin.

"Ashe haka yake ƙara," ya ce. "Ka san duniya ta cika surutu? Cokali ma sai ya yi magana. Ranar farko na ji wani abu na bi na, cas, cas, na waiga ba kowa. Ashe takalmina ne. Likita ta ce kada in yi gaggawa, kai ya manta da ji, sai ya sake koyo. Ta ce awa biyu a rana tukuna, in zaɓi inda nake so in kashe su." Ya numfasa. "Ta farko na ba wa yarinyar nan. Ta biyu na kawo shagonka. Na ba ka tsohuwar ka ajiye, na ce in ka gama ba su dariya sai in ce na ji, mu yi dariyar tare."

Mai Aski ya ajiye almakashin ya ɗauki mataji.

"Ba ka yi ƙarya ba, matata ta yi ihu," in ji Baba. "Shekara goma sha biyu. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba." Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "To ina zan ji?"

"Baba..."

"Ba ni ɗaya."

"Na'am?"

"Abin dariya. Ba ni ɗaya wanda ba ni a ciki. Ga kunne na sa."

Mai Aski ya lalubi kansa. Shekara bakwai yana riƙe da shago da baki. Ya tuna na Tela da gajeren wandonsa, ya tuna na gurgun da ke gyaran takalmi, ya tuna na Direba da matarsa. Kowanne da mutum a ƙarƙashinsa. Ya tsaya da mataji a hannu, Baba na jira, fuskarsa a sake, har ya ɗan buɗe baki don dariyar.

"Ba ya zuwa, Baba."

"To ba komai. Ka zo da shi wani makon."

Malama ta shigo da ruwan ɗumi. Aka goge masa wuya, aka gyara filo. Ta ce ya yi kyau kamar ango, Baba ya ce to a nemo amaryar, amma mai ƙaramar murya. Mai Aski ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya juyo. Malama na tsaye kusa da gadon tana zare na'urar.

Gobe, ya ce a ransa. In ba ta nan.

Gobe shago ya cika. Jibi ya je har ƙofa, ya ji muryoyin 'yan dubiya, ya koma. Ran Lahadi da safe yana goge haƙori a tsakar gida, sai ya ji kukan Malama ta saman katanga. Ba mai ƙarfi ba. Ya tsaya da burushi a baki har kumfa ta zubo masa a riga.

Kafin azahar layin ya cika. An jera tabarmi har gaban shagon walda. Direba da Tela suna can baya, ba wanda ya dubi wani. Da aka fito da makara daga soro, Mai Aski ya kutsa cikin mutane, ya kama ta wajen kai, ɓangaren hagu, ya ɗora a kafaɗa.

Ba nauyi. Aka kama hanya, ƙafafu na jan ƙasa. Kan tsohon yana nan daidai kuncinsa, tsakaninsu tabarma da farin ƙyalle. Bayan 'yar tafiya wani ya taɓa shi don ya karɓe shi, kamar yadda ake karɓar kowa. Bai saki ba. Wani ya sake taɓa shi, ya girgiza kai.

Suka wuce tsohon shagon injin, ƙofarsa a rufe da kwaɗo. Mai Aski ya karkatar da kai har leɓensa ya taɓa tabarmar.

"Baba," ya ce.

Na bayansa ya taka masa dunduniya. Ya gyara kafaɗa, suka ci gaba da tafiya.