Jirgin Sirajo

Kawu Hodi ya rasu a Argungu bayan sallar asuba, cikin bazarar shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha. Ina gida a unguwar Gesse ina shirin tafiya makarantar da nake koyar da labarin ƙasa, wani mai babur ya kawo mini saƙon.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Sirajo, yana aiki a Legas. Na ruga ofishin wani abokina mai tarho na kira shi. Sirajo ya ce akwai jirgin Sakkwato ƙarfe goma, don Allah kada a rufe tsohon sai ya iso.

Ni kuwa, malamin taswira, nan take na buga lissafina. Daga filin jirgin Legas zuwa na Sakkwato kilomita ɗari bakwai da ɗoriya ne, awa ɗaya da rabi a sama. Daga Sakkwato zuwa Argungu a mota, wata awa ɗaya da rabi. Ƙarfe ɗaya ke nan. Har na ji daɗin kaina.

Da na isa Argungu an gama wanka, an sa likkafani. Baffa Tamba, yayan mamacin, shi ke da ta cewa. Na durƙusa na faɗa masa.

"Abbas, mu ba mu ajiye gawa," in ji shi. "Ka ko ji zahin ga?"

"Baffa, ƙarfe ɗaya shina nan. Na lissafa."

"Kai ka taɓa shiga jirgin?"

Ban taɓa ba. Amma na rantse masa, a gaban liman da mutanen da suka baro gonakin albasarsu tun safe. Ya dube ni, ya ce to, bayan azahar, ba ƙari.

Aka yi azahar, babu Sirajo. Na tsaya bakin titi ina leƙa kowace mota, har da masu ɗauke da buhunan shinkafa. Baffa ya ƙara mini rabin awa ba tare da na roƙa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ƙarfe uku saura aka ɗauki makara. Na bi baya, ban iya haɗa ido da kowa ba.

Abin da taswirata ba ta faɗa mini ba shi ne, jirgin ba miƙewa yake yi ba. Sai ya sauka Kaduna, ya sauke wasu ya ɗauki wasu, ya sauka Kano ya yi zamansa, sannan ya tuna da mutanen Sakkwato. Duk wani ɗan kasuwa mai zuwa Legas ya san haka. Ban tambayi ko ɗaya ba.

Bayan la'asar tasi ta tsaya a ƙofar gida. Sirajo ya fito, ya ga mutane zaune a tabarmi suna karɓar gaisuwa, ya gane. Ya ratsa ta gabana, da ma ya tsaya ya zage ni. Ya wuce ciki, na bi shi har ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, Inna Riskuwa.

Ya durƙusa gabanta. Ta miƙa masa buta.

"Yi alwala ka tai," ta ce. "Ƙasar kabarin ba ta bushe ba tukuna."