Tukunyar da Ta Ƙi Fashewa

Da Teh Euis ta kira ni a waya ta ce mijinta Kang Galih ya yarda zai zo ranar Lahadi, ko ɗigon murna ban ji ba.

"Sau ɗaya ya ce, Neng Tresna," ta faɗa ƙasa-ƙasa, da alama yana kusa. "In bai ji daɗi ba, kin san halinsa, ya koma ɗaki ke nan. Don Allah ki san yadda za ki yi."

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Kang Galih bai ƙara taka bakin ƙofa ba sai in asibiti za a kai shi. Mu kanmu ya hana mu zuwa dubiya. Mutumin da muka yi shekara da shekaru muna zaman wasa da shi duk Lahadi bayan Azahar a barandar gidanmu a unguwar Kiaracondong, ni da shi da abokinmu Rangga, kowa da ɗan mutumin da ya ƙirƙira a takarda, ɗaya na jan labari, dayis, irin ƙwayar da ake jefawa a ludo, na yanke hukuncin wanda ya ci da wanda ya faɗi. Maƙwabta sun yi mana dariya har sun gaji, wai gandama-gandaman mutane muna wasan yara.

Kafin ciwon ya same shi mun riga mun shirya komawa sabuwar duniya, ta tururi da tagulla, inda jiragen sama ke tafiya da gawayi, birane kuma sun turnuƙe da hayaƙi. Shi ya kawo shawarar, don aikinsa ke nan a zahiri, kula da tukunyar tururi a wata masaƙa a garin Majalaya. Abin da ya gagare mu shi ne littafin ƙa'idojin da za mu bi. Shi ya kafe a kan wani ƙato da muka sa wa suna Bulo, wanda ko atishawa mutuminka zai yi sai ka watsa dayis cike da hannu, ka tara, ka ɗebe nauyin kaya, ka duba zafin inji. Ni da Rangga muka ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za mu taɓa shi ba. Muna cikin wannan musun ne ya faɗi a banɗaki.

Yanzu jan labari ya dawo kaina, zaɓen littafi ma haka. Teh Euis ta gaya min lissafi na kuɓuce masa, magana kuma sai ya jawo ta da ƙyar.

Na aro littattafai, na sauke wasu a waya, na baje su a kan gado har babu wurin kwanciya. Bulo na fara turawa ƙarƙashin gado da ƙafa. Akwai wani tsari mai kyau da ake yi da kati, amma sai ka riƙe katunan a hannu ɗaya ka zaro da ɗayan. Wani kuma ba dayis sosai, sai dai duk ƙarfinsa a kan saurin baki yake, wanda ya iya tsara zance shi ke ci. Wani sai rubutu ake ta yi. Duk wanda na buɗe, sai in hango inda zai kunyata Kang Galih, kuma duk marubutan nan babu wanda ban tsine wa a zuciyata ba. Har ɗaure hannuna na dama na yi a baya da ɗankwali, ina gwada wasan da hagu. Mahaifiyata ta leƙo ta gan ni haka, ta daɗe tana kallo, ta ce, "An fara ke nan?" ta ja ƙofa.

Daga ƙarshe na tsaya a kan wani ɗan siriri. Dayis ɗaya ne mai fuska ashirin, in ya haura goma ka ci, in bai haura ba ka faɗi. Rangga na ɗaga shi ya ce wannan ai takardar naɗe batagor ce, soyen nan na bakin titi.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. To in ya jefa ƙasa da goma fa? Mutumin da maɓallin rigarsa ke gagararsa, ni zan dube shi in ce a wasa ma ya kasa? Akwai wani kwanon miya mai hoton zakara da muke ajiyewa a tsakiyar tebur. Dokar Kang Galih ce tun ranar farko: kowane dayis a cikinsa ake jefawa, kowa na gani, har na mai jan labari. Na ɗauke kwanon na mayar da shi kicin. Na yanko kwali na yi shinge a gabana, irin wanda wasu ke yi a nasu teburin, na yanke cewa ni zan riƙa jefa wa kowa a bayansa.

"Teh, hannunsa ne fa ya shanye," Rangga ya ce min, don Teh muke kiran duk macen da ta girme mu. "Idonsa ƙalau yake."

"Rufe min baki. Kai dai duk abin da ya yi, ka nuna ya burge ka."

"Ni da na saba ce masa tsohon banza?"

"Ka kuskura ka ga yadda zan yi da kai."

Ranar Lahadi tasi ta sauke su ana yayyafi. Ya rame, gefen bakinsa ya ɗan karkace, Teh Euis na riƙe da gwiwar hannunsa. Rangga ya zabura ya gyara masa kujera har da kakkaɓewa, abin da bai taɓa yi wa uban kowa ba. Na kawo shayi da bala-bala mai zafi, wato soyayyen ƙullun fulawa da kayan lambu, da ɗanyen barkono. Kang Galih ya zauna, ya bi teburin da kallo a hankali.

"Ina... kwanon?"

"Wannan tsarin ba ya buƙatarsa, Kang. Sabon yayi ne."

Ya ɗauki bala-bala ɗaya ya fara ci.

Muka fara. Jirgi ne ya ɗauko ganyen shayi zai tsallake duwatsu, 'yan fashin sama suka biyo shi. Rangga shi ne kyaftin, wata mata mai hannun tagulla da ya sa wa suna Sekar, wadda ya daɗe yana zanawa har da tarihin kakanninta. Kang Galih kuwa, ba sai an tambaya ba, mai hura tukunyar jirgin.

Ya ce zai toshe wani bututu da harsashi ya huda. Na jefa a bayan kwali, huɗu ya fito, na ce ya toshe. Ya ce zai make ɗan fashi da shebur. Bakwai. Na ce ɗan fashin ya faɗa cikin gajimare. Rangga ya tafa. Teh Euis na zaune a gefe tana murmushi, idonta ya ciko. Ni kuwa a raina har na fara yabon kaina, ina cewa Tresna kin iya.

Ban lura da lokacin da ya daina cin bala-bala ba. Sai dai na ga ya jingina, ya kafe kwalin nan da ido.

"Neng," ya ce. "Marfin nan... mai sakin tururi in ya yi yawa. Zan ɗaure shi... da waya."

Ko ni da ban taɓa shiga masaƙa ba, na sha jin sa yana cewa ba a wannan sai in mutum ya gaji da duniya.

"Kang, ka tabbata?"

"In ƙara gawayi. Duka." Ya numfasa. "Sannan in hau kai... in zauna."

Rangga ya sunkuyar da kai. Na jefa dayis. Ya gangara ya tsaya a kan ɗaya, wanda babu abin da ya fi shi muni. Na dubi Teh Euis, ita ma ni take kallo.

"Tukunyar ta yi wata irin ƙara," na ce, "ta yi jajir... amma ta riƙe. Jirgin ya ƙara gudu, kun tsere musu."

Kang Galih ya juya wajen matarsa.

"Euis," ya ce. "Sandata."

"Kang, ai yanzu aka fara..."

"Sandata."

Ya yunƙura ya miƙe, ya ture hannun Rangga da ya kawo masa taimako. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"A asibiti... in na ɗaga cokali, sai a tafa. A gida, in na sa takalmi... a tafa." Ya haɗiyi yawu, yana neman kalmar. "Na ce nan ne kaɗai... ba za a yi min haka ba."

Ya juya ya nufi matakala yana jan ƙafa. Teh Euis ta bi shi da lema, ba ta ko waiwaye ni ba. Na san in ya shiga mota shi ke nan, ba zan ƙara ganinsa ba sai dai a hoto, kuma ni na jawo da hannuna. Na buɗe baki in ba da haƙuri, na san haƙurin ma wani tafin ne. Na rasa abin kamawa. Daga tsoro sai abin ya juye min ya koma haushi, haushinsa da na kaina da na duniya gaba ɗaya.

Na sa hannu na make kwalin ya faɗa tsakar gida.

"Ɗaya ne!" Na kwatsa ihu har karen maƙwabta ya amsa. "Ga shi nan ban taɓa ba, zo ka gani! Ka mutu, Kang! Tukunyar ta tarwatse, ko takalminka ba a samu ba. Jirgin ya rabe biyu, shayin ya ƙone, duk wanda ke ciki ya mutu. Hankalinka ya kwanta?"

Hawaye nake yi ban sani ba. Ya tsaya a kan matakala, bai juyo ba.

"Tsaya, tsaya," in ji Rangga. "Duk wanda ke ciki? Har da Sekar?"

"A saman tukunyar ɗakinta yake. Ita ta fara tashi."

"Kan uban can!" Ya miƙe har kujera ta kife. Wannan ba shiri ba ne, na san fuskarsa in ya hasala da gaske. "Kin san wahalar da na sha a kan matar nan? Ko harbi ɗaya ba ta yi ba! Kai kuma tsohon banza, in mutuwa kake so ka faɗo daga jirgin mana kai kaɗai, sai ka haɗa da mutane? Wallahi da can ma haka kake, mugu, ciwo bai rage ka da komai ba!"

Teh Euis ta toshe baki da hannu. Ni kuwa na ce yau Rangga ya ƙarasa abin da na fara.

Kang Galih ya juyo a hankali. Ya tako har bakin tebur, ya sunkuya ya duba dayis ɗin da kyau, kamar mai duba kifi a kasuwa. Sannan ya dubi Rangga.

"Kyaftin ɗin banza," ya ce. "Wa ya ce... ta kwana a kan tukunya?"

Ya jawo kujera da ƙafarsa mai lafiya ya zauna. Ya ɗaga siririn littafin da yatsa biyu ya sake shi a ƙasa.

"Shara. Kawo Bulo."

"Kang, Bulo fa akwai lissa..."

Kallon da ya yi min ya sa na haɗiye sauran. Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo shi daga ƙarƙashin gado, duk ya yi ƙura.

A Bulo, kafin a fara komai sai kowa ya gina sabon mutum, kuma ginin duk tarawa ne da ɗebewa. A da Kang Galih yana yi yana hira, ya gama nasa ya gyara namu yana mana gori. Yau ya kama fensir da hagu, ya watsa dayis, ya tsura musu ido. Leɓensa na motsi. Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya ɓace a tsakiya, ya koma farko. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ruwan. Ni tun faɗuwarsu na san sha bakwai ne. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, na ciji leɓe.

Da ƙyar ya rubuta, lambobin sun karkace. Sha biyar. Ya turo min takardar, ya ɗago yana kallona, Teh Euis ma tana kallona daga bayansa, tana girgiza min kai a hankali, roƙo take.

Ban taɓa jin magana ta yi min nauyi a baki kamar wannan ba.

"Ba daidai ba ne, Kang," na ce. "Sake."

Tsokar kumatunsa ta motsa. Har na fara jiran ya sake neman sanda. Sai ya juya fensir ya fara gogewa, takardar na zamewa don babu hannun da zai danne ta. Babu wanda ya danne masa.

Har aka kira Magariba bai wuce rabin shafin farko ba, kuma sau da yawa na mayar da shi baya. Teh Euis ta ce lokacin magani ya yi. Ya miƙe a gajiye, fuskarsa babu fara'a ko kaɗan. Rangga ya kai hannu zai tattara takardu.

"Kai," in ji Kang Galih. "Bar min nawa... yadda yake. Ban gama ba."