Komawar Malam To

"Ka gane?" in ji mai kemis, idonsa na kan wani mai saye.

"To," in ji Malam To.

A bakin wannan kalma ya samo sunansa. Ya haura arba'in, kansa ba ya saurin kama magana, ya kuwa lura tun yana ƙarami cewa "to" tana sallamar mutane ba tare da tsawa ba. Mutum ɗaya ne a layin bai taɓa karɓarta ba, wato maƙwabcinsa tsohon tela, wanda yakan ce, "Maimaita mini. Sai ta fito daga bakinka zan san ta shiga."

Telan nan ne yanzu ya yanke jiki ya faɗi kusa da kekensa, matarsa kuwa ba ta sami wanda za ta aika neman shawara wurin mai kemis ba sai Malam To.

A hanyar gida, a bakin kwata, ya tsaya ya gwada maimaita abin da mai kemis ya faɗa. "A kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi..." Kada a ba shi me? Ko cewa aka yi a ba shi? Ya laluba kansa, ya ji wayam. Ya juya da gudu, silifas a hannu.

"Ranka ya daɗe, ban gane ba."

"Kai! Ba yanzu ka ce to ba?"

"Ƙarya na yi. Faɗa a hankali."

Mai kemis, wanda ba a san shi da barin ciniki don kowa ba, ya dubi fuskarsa, ya ja ƙofar shago ya bi shi.

Tun daga waje suka jiyo kuka. Malam To ya durƙusa gaban matar telan.

"Inna, komawar da na yi ce ta jawo?"

Maƙwabta suka yi masa caa, kowa da dogon bayaninsa a kan ajali. Ya bi bakunansu da ido.

"Inna, ke ki faɗa. Gajere."

Ta share hawaye da gefen mayafi. "Ɗan nan, ko kwanar layi ba ka sha ba ya cika."

"Ban sha kwana ba ya cika." Ya auna kowace kalma. "Ba ni ba ne ke nan."

"Ba kai ba ne."

Ya sunkuya ya shiga tsince alluran da suka warwatse a ƙasa, yana soka su a jikin labule, kada masu zuwa gaisuwa su taka.