Rufin da Walid Ya Turo

Bangon ɗakina a Harra ta Gabas bai taɓa ɗaukar hoto ba. Marigayi mijina Osman ba ya yarda a rataye abu mai rai, kuma bayan rasuwarsa ban ga amfanin saɓa masa ba, tunda ba ya nan balle mu yi gardama.

Ɗana ɗaya ne, Walid. A nan Madina na haife shi, amma takarda ta ce baƙo ne. Da iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ta mutu aka rasa mai sabunta ta, sai ya bi abokai ta Sudan da Libiya, ya haye ruwa zuwa Italiya. Ya bar ni da fanka mai ƙara da tukwanen da suka yi wa mutum ɗaya girma.

Wata rana a waya na ce masa, "Tunda ba zan rataye fuskarka ba, turo min hoton inda kake zaune. Kada mutum ya fito a ciki, ko mage."

Ya yi dariya, ya amsa da Larabcinsa kamar kullum. "Tayyib, Ummi."

Abin da ya turo sai da ya zaunar da ni. Ginshiƙai ne dogaye na farin dutse, sun miƙe sama sun haɗu a wani rufi mai lanƙwasa kamar kwando a kife. Tagogin gilashi ja da shuɗi, haske yana zubowa ta cikinsu. Na ce lallai yaron nan ya faɗa gidan manya. Na kai wa wani mai wanke hoto a Uhudu, ya buga min babba, ya sa firam ruwan zinare. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya taɓe baki. Ni kuwa na ɗauka hassada ce.

Mutum ɗaya ke buga ƙofata, Raudatu, 'yar Chadi mai shara a wani otal. Duk Alhamis bayan la'asar takan zo mu sha shayi da na'ana'a, ta yi salla, ta tafi. Surutunta na iya sa mutum ciwon kai, amma idan ta fita ɗakin kan yi tsit har wata Alhamis ɗin.

Ranar na zaunar da ita daidai inda za ta ga hoton rataye a bango. Ta ajiye kofi, ta tashi, ta kai hancinta jikin gilashin.

"Yaya Ƙaltume, kin san mene ne wannan? Kanisa ce fa! Coci! Ga gicciye can ƙarshe."

Na duba. Yana nan kuwa, ɗan mitsitsi, ni da idona na tsufa na ɗauka ƙarfen taga ne.

"A garin Manzo?" in ji ta tana jan mayafi. "Wallahi ba na salla a ɗakin nan sai kin sauke shi. Kuma in ni ce ke, zan binciki ɗana."

Maganarta ta ƙarshe ta fi yi min zafi. Tana fita na kira shi, ban ko yi sallama ba. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, na ce ya faɗa min gaskiya in ya bar addinin ubansa.

Da ya buɗe baki, da Hausa ya yi magana, Hausar nan tasa mai ɗingishi da rabona da jin ta tun yana ƙarami.

"Ummi, a nan muke kwana. Da sanyi ya shigo suka buɗe mana, suka ture benci gefe. Ina sallata a lungu, ba mai hana ni. Kin ce inda nake zaune. Ma indi makan tani, ba ni da wani wajen. A kwance na ɗauka. Shi nake gani kafin barci."

Kunya ta kama ni, tausayi ya biyo baya. Na ce ya ci abinci? Ya ce ya ci.

Duk da haka na sauke hoton. Ba don Raudatu ta fi ni tsoron Allah ba. Ni dai na san in na faɗi a ɗakin nan, ita kaɗai za ta buga ƙofa ta ji shiru.

Alhamis ta zo. Ta dubi ƙusar a bango, ta gyaɗa kai, ta zauna. Ta ba ni labarin gwiwarta da na shugabarsu ta wajen aiki mai baƙin hali. Na yi ta jira ta ce ina labarin Walid. Har ta yi salla ta ɗauki jakarta ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Yanzu hoton yana bayan katifa. Da rana, in unguwa ta yi barcin azahar, nakan kulle ƙofa in kwanta a ƙasa, in ɗaga shi sama da fuskata da hannu biyu, yadda shi yake ganinsa. Firam ɗin na da nauyi, hannuwana sukan gaji. Rufin nan ya yi nisa da yawa. Ban san yadda yaro zai ji ɗumi a ƙarƙashinsa ba.