Jaririn Jikin Gwangwani

Jaririn da aka zana a jikin gwangwanin madarar bai taɓa daina murmushi ba. Kumatunsa ɓul-ɓul, cinyoyinsa kamar an hura. Hamsatu ta dube shi, ta dubi ɗiyarta Yelwa a kan tabarma, idanu sun faɗa, maɗiga ta loɓa. Tun shekaranjiya gudawa ba ta tsaya ba. Tsoro ya kama ta har tafin ƙafa.

Ciki ne ya sa ta yaye Yelwa ba shiri. Mijinta Hammajoda, wanda ya sayar da shanunsa ya zama masinja a Bauchi, shi ke kawo gwangwanin daga kanti. A cewarsa, ƙasa na shirin karɓar mulkin kai, ɗiyar ma'aikaci ba za ta tashi da nonon ƙwarya ba. Gaskiya dai ba shi kaɗai hoton ya ruɗa ba. Hamsatu da hannunta ta wanke ƙwaryar kindirmonta da sabulu da tafasasshen ruwa, ta kife. Nan irin da ta zo da shi daga rugarsu ya mutu, wato ɗan ragowar kindirmon jiya da ake ɗigawa a madarar yau don ta kama. Uwarta ma gadonsa ta yi.

Liatu, maƙwabciyarta mai aiki a asibiti, ta shigo da maganin da aka rubuta wa yarinyar da safe. Ta ɗauki gwangwanin, ta kusanto da shi fuskarta.

"Wa ya ce ki ba ta wannan?"

"Ga hoton nan kina gani."

"Na gani. Amma ƙananan rubutun nan na ƙasa cewa suka yi kada a ba jarirai. An yashe man, saura zaƙi kawai."

"To, me ya sa suka zana yaro?"

Liatu ta ajiye gwangwanin, ta ce, "Ki riƙa ɗiga mata dafaffen ruwa. In cikin ya karɓa, a gwada kindirmo, amma na gida, ba na talla da ake sirkawa da ruwan rafi ba. Akwai abu mai rai a cikinsa da hanji ke so."

Hamsatu ta san da wannan rai. Ita ta kashe nata.

Ta bar Yelwa a cinyar Liatu, ta nufi ƙauyen Tirwun da tsohon cikinta, rana tsaka. Can goggonta Habibatu take, wadda ta taɓa kawo mata ƙwaryar nono har gida a unguwar Ɗan Iya, Hamsatu ta ce mata sun daina sha. Duk kukan yaron da ta jiyo a hanya sai gabanta ya faɗi, amma na Yelwa da ya ɗauke ya fi ba ta tsoro.

Ta durƙusa a ƙofar bukka. "Goggo, iri na zo roƙo."

"Ina naki?"

"Ya mutu."

"Iri ba ya mutuwa, Hamsatu, sai dai a kashe shi. Gidan da ya kashe nasa kuwa ba a ba shi wani, kin sani."

"Yelwa ce, Goggo. Ko kuka ba ta iya yi."

Tsohuwar ta miƙe. Da Hamsatu ta zaro tsohon gwangwani daga zaninta don a zuba mata, Habibatu ta ture shi gefe. Ta ɗebo irin a ɗan ƙoƙonta, ta haɗa mata da goran madarar safe.

La'asar sakaliya Hamsatu ta iso gida. Yelwa na numfashi sama-sama, leɓunanta sun bushe. Ta dafa madarar, ta jira ta huce, ta juye a ƙwaryar da ta kife, ta ɗiga irin, ta rufe da faifai. Kindirmo ba ya jin gaggawa, sai ya kwana yake kamawa.

"Za ta kai safiya?" ta tambayi Liatu.

"Ci gaba da ɗiga mata ruwan."

Sai ga sallamar Hammajoda daga zaure. Ya shigo da fara'arsa, sabon gwangwani a hannu, jaririn na murmushi.